Ƙarfen da Ke Bayan Ɗakin Saratu

Bitrus, Hannatu, Ishaya, da duk jikan da ya iya haɗa baƙi: na ga bulon da kuka sa aka jibge a ƙofar gida, na kuma ga saurayin nan mai igiyar awo da ya zo yana kafa turaku. Ban hana ku rushe tsohon ɗakin uwarku ba. Gara ta riga ku fara aikin, ku ƙarasawa kawai za ku yi. Amma turken da ya kafa a bayan ɗakin, daidai inda guntun bututun ƙarfe ya leƙo daga ƙasa, inda ya ce nan za a haƙa ramin bayan gida, ni na tumɓuke shi, ba akuya ba ce kamar yadda na gaya masa. In ya sake kafawa zan sake tumɓukewa. Na ji kuna cewa tsufa ya fara taɓa mini kai, na kuma daɗe da sanin abin da kuke faɗa a bayana, wai taurin kaina ne ya hana uwarku zaman Kaduna har ta mutu tana hura fitila. To, bari in rubuta muku yadda aka yi, da wannan rubutu nawa mai kama da sawun kaji, wanda na samo a ajin yaƙi da jahilci, inda ni da jahilcin muka gwabza muka tashi ba wanda ya kayar da wani.

Kun buɗe ido kun same ni manomin citta mai gyaran tocila da rediyo ranar kasuwa. Amma da can ni ma'aikacin wuta ne, ko in faɗi gaskiya, mai riƙe wa ma'aikacin wuta tsani. Lokacin Bature bai tafi ba tukuna. Kafanchan garin jirgi ce, akwai wani injin wuta a bayan tasha da ke gurnani dare da rana, shi ke ba tashar haske da gidajen manyan ma'aikata. Sauranmu sai aci-balbal, mai hali ya sayi fitilar ƙwai. Ina dakon buhunan citta a tasha Oga Okon ya gan ni. Mutumin bakin teku ne, gajere, ko tebur ya hau ba ya kai silin. Bai tambaye ni ko na yi makaranta ba. Ya ce in ɗaga hannu sama, na ɗaga, ya ce in zo gobe.

A wurinsa na san mita, na san akwatin fis, na san soket da makunni da abin da ake maƙala ƙwan lantarki a ciki. Na koyi shimfiɗa waya a kan siririn katako ana kama ta da ƙananan maƙalai, ta miƙe sak kamar tsagar kitso. Hausarsa ba ta san mace ba ta san namiji ba, amma ba ka fita daga gabansa ba ka gane ba. Ranar farko ya fere waya ya nuna mini cikinta.

"Bako, duba. Ja, shi ne mai kawo wuta, kada ka gaishe shi da hannu. Baƙi, shi ne hanya da wuta yake komawa gida. Kore, wayan ƙasa ke nan. Shi ba ya aikin komai."

"To, Oga, me ya sa muke wahalar jan sa?"

"Don rana ɗaya. Shekara da shekara yana kwance kamar malalaci. Ran da wuta ya ɓace hanya, shi ne zai ɗauke shi ya kai ƙasa, kada ya bi ta jikin mutum."

A gidan wani babban akawu na fara ganin uwarku, tana renon yaransa. An kira mu ne fis ya ƙone. Fis kuwa 'yar siririyar waya ce da ake sawa ta ƙone don gida ya tsira. Na sa sabuwa, wuta ta dawo, Saratu ta kawo mini ruwa a kofin tangaran, ta ce sannu da aiki, Injiniya. Tun da uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa kira na da abin da ya wuce kai dogo. Saboda haka da na sake zuwa sai na sa waya wadda ta fi gashin jariri siranta. Matar akawu na jona dutsen guga, fat! A aiko a kira Bako. Haka muka yi ta yi har Oga ya tare ni a bakin shago.

"Gidan nan fis yana mutuwa kamar kajin damina. Bako, ko ka auri yarinyan nan, ko ka sa waya mai kauri."

Na zaɓi na farko. Da na gaya mata, ta dube ni tun daga ƙafa har kai, tafiyar kuwa da nisa.

"Ni fa na saba. In taɓa bango rana ta fito. Me zan je yi ƙauyenku, in riƙa share hayaƙi a hanci?"

"In kin aure ni, da yatsa ɗaya za ki kunna wuta a ɗakinki. Na rantse."

"Kirista ba ya rantsuwa."

"To na yi alkawari."

"Wannan ya fi muni," in ji ta. Amma ta aure ni.

Ƙauyenmu a lokacin ɗakuna ne zagayayyu na ciyawa. In rana ta faɗi ka tsaya a kan dutsen bayan gida, kana hango hasken tasha ya yi ja a gindin sama. Ni a lissafina, abin da ido ke gani ai bai yi wa waya nisa ba. Oga ya ce ba a sa waya a ƙarƙashin jinka, don haka na gina ɗaki mai kusurwa huɗu na rufe da tsofaffin kwanon da aka yar, irinsa na farko a garin. Na riƙa tara guntayen wayar da suka rage a wurin aiki, Oga yana gani yana kau da kai. Da na gama haɗa su, wayar ɗakin ta fi rigar mahaukaci yawan faci. Ƙwai ɗaya a tsakiya. Makunni ɗaya a bakin ƙofa, na sauko da shi daidai kafaɗar Saratu don ita ba doguwa ba ce. Akwatin fis, da allon katako fanko inda mita za ta zauna. A waje kuma, ƙarƙashin kwano, bakin waya biyu sun leƙo suna fuskantar Kafanchan kamar ƙahon katantanwa.

Saura wayar ƙasa. Ita ba a wasa da ita. Na haƙa rami a bayan ɗaki har ya kai mini ƙugu, na kafa bututun ƙarfe a tsaye, na ɗaure koriyar waya a wuyansa, na zuba gawayi, na zuba gishiri, na sake zuba gawayi, na rufe. Gishirin na Iya ne, uwata, wanda ta ɓoye a rumbu, Allah ya ji ƙanta, ta mutu tana zargin ɓera. Oga ya ce busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta, saboda haka da rani sai an riƙa ba ƙarfen ruwa. Na gaya wa Saratu, ta ce wannan aikinta ne, tunda wutar tata ce. Kowace safiya in ta dawo daga rafi, kafin ta sauke tulu a madafa, sai ta zaga ta tsiyaya masa.

Shanun Jauro Buba ne suka tona mini asiri. Jauro maƙwabcinmu ne, rugarsa tana hayin rafi, matarsa ke kawo mana nono. Shanun suka ji ƙanshin gishiri, in an koro su da safe sai su baro hanya su zo bayan ɗakin su durƙusa suna lasar ƙasa. Da Iya ta ga shanu sun durƙusa a bayan ɗakin surukarta, sai ta ɗora hannu a ka. Kafin Lahadi magana ta kai majami'a. Ikilisiyarmu a lokacin jaririya ce, mutanen cikinta jiya-jiya suka bar dodo da tukwanen tsafi, kunnen kowa a tsaye yake. Bayan sujada aka ce in dakata. Dattijo Yakubu ne ya yi mini tambayoyi, mutumin da kafin ya tuba shi ke yi wa rabin garin binne-binne.

"Bako, an ce ka haƙa rami a bayan ɗakin matarka."

"Na haƙa, Baba."

"Ka sa gawayi?"

"Na sa."

"Gishiri fa?"

"Shi ma."

"Da ƙarfe a tsaye, ana ba shi ruwa kowace safiya?"

"Baba, ai Oga ne ya ce..."

"Ɗana, ni na yi wannan aiki tun ba a haife ka ba. Baƙin zakara kawai ka manta."

Na yi bayanin ja da baƙi da kore har bakina ya bushe. Suka saurara da haƙuri. Dattijo Yakubu ya ce to ina wutar. Na ce tana zuwa. Ya ce madalla, ran da ta zo, waya ce, shi da kansa zai roƙe ni gafara a gaban jama'a. Kafin nan in koma bencin baya, inda ake ajiye waɗanda ke ƙarƙashin horo. Na koma. Na tarar da mashaya burkutu a can, mutane masu daɗin hira. Saratu kuwa ta sari ƙaya ta kewaye ƙarfen saboda shanu, ta ci gaba da ba shi ruwa, da cikinta a gaba.

Bitrus, zauna in kana tsaye. Ba kai ne ɗan farinmu ba. A bazarar shekarar nan, lokacin da zafi ya kai inda kaza ke buɗe baki, uwarku ta haifi namiji mai dogayen yatsu irin nawa. Bai kai ranar suna ba. A al'adarmu ta lokacin, jaririn da ba a raɗa wa suna ba, ba a kai shi makabarta, maza ba sa taruwa. Tsofaffin mata ne ke ɗaukarsa su sa shi a wani wuri kusa da gida, uban ba ya tambaya. Ni aka kore ni na tafi aiki, da na dawo aka ce an gama. Iya ta zaunar da Saratu, ina jin su daga waje. Kada ku ce Iya muguwa ce, ita ma ta binne nata ba ɗaya ba, ba biyu ba, abin da aka gaya mata ta faɗa.

"Ba a kuka. Ba a ambatonsa. Ba a waiwayar wurin. In ya ga ana kewarsa zai riƙa zuwa yana komawa, ya mai da cikinki hanya."

Saratu ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta koma daka da zuwa rafi. Damina ta sauka, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta jiƙe har tana tsatsafo, amma kullum safe sai na ji ta zaga bayan ɗaki da tulu. Ta kan daɗe. Wata rana na leƙa ta taga na ce, Saratu, ai sama ta karɓe ki aikin nan. Ta ce Oganka bai ce a daina ba. Ni kuwa, gwanin basira, na tafi wurin aiki ina fankama, ina gaya wa mutane matata ta fi ni son aikin lantarki.

Da kaka aka yi wa Oga Okon canjin wurin aiki zuwa Kaduna, aka ce ya tafi da mutum ɗaya. Ya kira ni gefe. Ya ce a can zan yi jarrabawar sana'a in zama ma'aikacin wuta na sosai, za a ba ni ɗaki a bariki, da ƙwan lantarki da famfo a tsakar gida. Ya kuma gaya mini abin da ya daɗe yana jin nauyin faɗa, cewa injin nan da ƙyar yake ɗaukar tasha, ba wanda ke da niyyar kafa falwaya zuwa ƙauyenmu, ko a mafarki. Ban ji zafin wannan ba, murna ta rufe shi. Na taho gida da gudu kamar an biyo ni. Na same ta a tsakar gida tana sheƙar acca.

"Saratu, ɗaure kayanki! Wuta ta ƙi zuwa, mu za mu je mata. Kaduna! Da yatsa ɗaya, kamar yadda na ce!"

Ta saurare ni har na gama, faifai a hannu. Sannan ta ce, "Wa zai ba ƙarfen ruwa?"

Na yi dariya har na riƙe ciki. Ita ba ta yi ba.

"Wane ƙarfe? Oga ya ce wuta ba za ta zo nan ba. Wayar banza ce, ni na yi haukata."

"Kai ka ce in ya bushe ya mutu."

"Ai a mace yake tun farko!"

"To ka je, Injiniya. In ka sami hutu ka zo ka ba mu labari."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na ƙi cin tuwo, na koma na ci don yunwa ba ta san fushi ba. Na turo mata matar mai bishara, na turo yayarta. Duk wanda ya zo sai ta ba shi ruwa ya sha, ta ce wa zai ba ƙarfen ruwa. Na ɗauka ramuwa take yi, tana so ta jiƙa mini alkawarina in sha. Ranar tafiyar Oga ta matso. Wata safiya, tana rafi, na ɗauki diga na zaga bayan ɗaki. Na ce in na tumɓuke tsinannen ƙarfen nan na ga abin da za ta ba ruwa. Na janye ƙaya, na ɗaga diga ke nan, sai na ji sallama. Jauro Buba ne, sanda a kafaɗa, shanunsa suna wucewa.

"Bako, sannu da aiki. Me za a tono?"

"Haukata zan tono, Jauro."

"Ajiye digar nan mu gaisa tukuna. Ba a gaisawa da ƙarfe a sama."

Na ajiye. Ya tambayi gida, ya tambayi Iya, ya tambayi gajiya, bai bar kowa ba har kaji. Sannan ya tsuguna yana wasa da tsinke a ƙasa.

"Mu, in ɗan maraƙi ya mutu, uwar takan hana nono, ta ƙi kiwo. Sai mu feɗe fatarsa mu cusa ciyawa, mu shafa gishiri, mu ajiye a gabanta. Tana lasa, nono na zuba. Kana tsammani ba ta san ciyawa ce ba? Ta sani sarai. Amma dole a bar mata abin da za ta lasa."

Na ce ban gane ba. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa dogon mutum wanda maganar ba ta kai sama ba tukuna.

"Matata tana gidan nan ranar, ta kawo nono. Tsofaffin sun zaga ko'ina, fartanya tana tsalle, ƙasa kamar dutse. Wuri ɗaya ne ya karɓa. Nan, gefen ƙarfenka, inda ruwa ya tausasa."

Ya tashi ya bi shanunsa. Sai a lokacin na lura shingen ƙayar ya fi faɗi ta gefe ɗaya, fiye da abin da bututu ke bukata, da wani ɗan faffaɗan dutse a kwance. An hana ta kuka, an hana ta ambato, an hana ta waiwaye. Ba wanda ya hana ta ba wayar mijinta ruwa. Na mai da ƙayar yadda take, na share sawuna da reshe, na ɓoye digar. Da ta dawo ta zaga da tulunta, ni ina zaune a ƙofa ina gyaran takalmin da bai lalace ba.

Ran nan na je na gaya wa Oga ba ni zuwa. Ya ce ni wawa ne, da Hausa, da Turanci, da yarensu. Na bari ya gama, na gaya masa dalili. Sai ya buɗe akwatinsa ya ba ni filayarsa mai jan hannu, ita ce wadda kuke gani a ƙarƙashin matashina. Na ɗaukar masa kaya zuwa jirgi. Wanda ya tafi a madadina wani ne da ba ya bambanta ja da baƙi sai an nuna masa, ya mutu da gidan bene a Kaduna. Sabon ogan da aka kawo ya zo da mutanensa, gajere ma ba shi ba ne balle ya bukace ni. Na koma gona. Ba zan yi muku ƙarya ba, shekaru da yawa in jirgin yamma ya yi kuka ya nufi arewa, sai in tsaya da fartanya a hannu har ƙarar ta ɓace. Ina son aikin nan. Ina son ƙanshin sabuwar waya, da lokacin da za a ɗaga babban makunni gida ya haskaka gaba ɗaya, yara su yi ihu.

Da na dawo na ce mata mun fasa tafiya, ba ta tambaye ni dalili ba. Ta zuba mini pate ta ƙara man ja fiye da kullum. Har ta koma ga Ubangiji ban ce mata na sani ba, ita ma ba ta ce ta san na sani ba. Shekara ta zagayo aka haife ka, Bitrus, ka zauna, sauran suka biyo. Kun tuna abin da take yi kowace yamma kafin ta kunna fitila? Ta je bakin ƙofa ta ce bari mu ji ko baƙuwar ta iso, ta danna makunni, ƙyas, ta ɗaga kai ta dubi ƙwan, ta ce tana hanya, sannan ta nemi ashana. Kuna dariya kuna cewa Mama tana tsokanar Baba. Tsokanar ce. Har yau in rana ta faɗi kunnena yana jiran ƙarar nan.

Baƙuwar ta iso bayan mun binne uwarku. Samarin da suka kawo ta suka taɓa wayata, robar ta marmashe a hannunsu kamar busasshen ganye, suka ce ba za su jona ba, kuma da gaskiyarsu. Ƙwan nan bai taɓa kamawa ba ko sau ɗaya. Dattijo Yakubu ya daɗe da tafiya, saboda haka ba wanda ya roƙe ni gafara, ni ma ban bar bencin baya ba, ya fi kusa da ƙofa, ya fi iska.

To kun ji. Ku rushe ɗakin, ku sayar da kwanon, ku ba ni makunnin kawai. Sabon gidanku ku sa masa waya ta zamani, mai aikinku ya kafa nasa ƙarfen inda ya ga dama. Ramin bayan gida ku ja shi can gindin mangwaro. Wancan wurin akwai yayanku a ciki, ba shi da suna, in ma uwarku ta raɗa masa a ranta, ta tafi da shi. Tun da ta rasu ni ke zagawa, amma gwiwoyina sun fara gardama. Hannatu, ke kika fi kusa. Gwangwanin da nake ba ƙarfen ruwa da shi yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, cikinsa ɗaya ya isa. Da safe, kafin rana ta yi zafi. Ko da damina ce.